Tambayoyinku da Amsoshinmu: Me Ya Sa Ƙungiyar Besbol Mai Faɗuwa Take Rabuwa da Gwanayenta?

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa sun shafi wasan da ba a saba gani a filayenmu ba, wato besbol, wanda labarinsa ke iso mana ta bakin 'yan'uwa mazauna Amurka da kuma ta intanet. Dukansu sun ta'allaƙa ne a kan yadda ƙungiyar da ta durƙushe take musayar 'yan wasanta domin ta sake miƙewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena yana aikin tuƙi a birnin Shikago, kuma ya kamu da son ƙungiyar White Sox. Ya gaya mini cewa a 2024 an ci su wasanni 121, amma maimakon shugabanninsu su sayo gwanaye, sai suka ɗauki mai jifan da ya fi kowa a cikinsu suka ba wata ƙungiya, suka karɓi yara huɗu da ba a san su ba. Ni a sanina da ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da take faɗuwa ƙarin ƙarfi take nema. Shin wannan dabara ce ko sakaci? (Daga wani ɗan kasuwa a Garwa)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da ƙanenka ya faɗa maka haka yake. A kakar 2024 White Sox ta yi nasara a wasanni 41 kacal, ta sha kashi a 121 daga cikin 162, kuma tun shigowar ƙarni na 20 babu ƙungiyar da aka ci sau da yawa haka a kaka guda, domin New York Mets ta 1962 ma a 120 ta tsaya. A watan Disamba na wannan shekarar ta miƙa mai jifan da kake magana a kansa, Garrett Crochet, ga Boston Red Sox, ta karɓi matasa huɗu waɗanda a lokacin babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa taka filin babbar gasa, wato gasar ƙoli ta besbol a Amurka.

Domin ka gane hikimar da ke ciki, sai ka fara da yanayin wasan kansa. A ƙwallon ƙafa ɗan wasan gaba ɗaya yana iya raba gardama da bugu guda, kamar yadda Vincent Aboubakar ya yi wa Masar a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 2017. A besbol kuwa masu bugu tara ne suke bin layi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙoƙarin dukan ƙwallon da mai jifa na abokan hamayya ya jefo masa da sanda, kuma komai gwanintar mutum ba zai samu layinsa fiye da sau huɗu ko biyar a wasa ba. Mai jifan da ke buɗe wasa ma sau ɗaya yake fitowa a cikin kowane wasanni biyar, wato kusan wasanni 32 a kaka, sauran kwanakin yana hutar da hannunsa. Saboda haka gwani ɗaya ba ya iya fitar da ƙungiya kunya shi kaɗai. Los Angeles Angels ta haɗa Mike Trout da Shohei Ohtani, biyu daga cikin fitattun 'yan wasan wannan zamani, tun daga 2018 har zuwa 2023, amma a duk tsawon shekarun nan babu kakar da nasarorinta suka fi asararta yawa.

Abu na biyu, wanda shi ne ginshiƙin maganar, shi ne ƙa'idar shekarun aiki. Idan matashi ya hau babbar gasa, ƙungiyarsa ce take da iko da shi har sai ya cika shekara shida yana aiki, kuma kwana 172 a cikin jerin manyan 'yan wasa ake lissafawa shekara guda. A shekaru ukun farko albashinsa bai cika nesa da mafi ƙarancin da yarjejeniya ta tanada ba, wanda ya kai dala 760,000 a 2025. Mu a nan kuɗi ne mai yawan gaske, domin ya haura sefa miliyan 400, amma a wurinsu ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da manyan gwanaye ke karɓa. A shekaru ukun da suka biyo baya yana da damar kai maganar albashinsa gaban masu shiga tsakani, albashin kuma yana hauhawa. Da ya cika shekara shida sai ya zama mai 'yancin kansa, ya tafi wurin duk wanda ya fi biya. To, Crochet saura shekara biyu ya samu wannan 'yanci, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙungiyar da aka ci sau 121 za ta yi takarar kofi cikin shekara biyu. Abin da White Sox ta bayar shi ne shekaru biyu na gwanin da ba za su amfane ta da komai ba, abin da ta karɓa kuwa shi ne damar shekaru shida-shida na matasa huɗu a kan albashi mai sauƙi. Kai da ka san kasuwar shanu ta Adumri, ka san mai turke da sansa ya gama ƙiba ba ya ci gaba da ciyar da shi don sha'awa. Yakan sayar da shi lokacin da masu saye suka matsu, ya sayi maruƙa, alhali ya san ba dukansu ne za su yi kyau ba.

Wanda ya ƙi yin haka ma yana biyan farashi. A Yulin 2023 Angels ta ƙi musayar Ohtani duk da cewa watanni kaɗan suka rage a kwantiraginsa, ta ma ƙaro 'yan wasa da fatan shiga zagayen neman kofi, sai ta kasa. A Disamba ya koma Los Angeles Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara goma, ita kuwa Angels abin da ta samu diyya bai wuce ƙarin gurbi ɗaya a zaɓen matasa ba.

Abu na uku shi ne gasar ba ta da gangarawa. Ƙungiyoyi 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada, kuma wadda ta zo ƙarshe bana tana nan daram baɗi. Har ma akwai lada ga faɗuwa, domin a zaɓen matasa da ake yi kowace shekara daga makarantun sakandare da jami'o'i, galibi ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne suke kan gaba wajen zaɓa. Saboda haka, Alhaji, dabara ce, amma dabarar da za a iya yi da kyau, a kuma iya fakewa da ita a cuci magoya baya. Zan dawo kan White Sox a amsar tambaya ta uku, domin labarinta bai ƙare a nan ba.

TAMBAYA: Malam, a ƙwallon ƙafa muna jin an sayi ɗan wasa a kan miliyoyin yuro. Me ya sa a besbol sai dai a ji an ba da mutum an karɓi mutum, kamar cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda? (Daga wani ɗalibi a Marwa)

AMSA: Ɗana, bambancin yana cikin abin da ke faruwa da kwantiragi. A ƙwallon ƙafa ƙungiyar da ke saye tana biyan kuɗi domin a warware tsohon kwantiragi, sannan ta ƙulla sabo da ɗan wasan, shi ya sa dole ya amince. A besbol kwantiragin ne yake bin ɗan wasan zuwa sabon gidansa, da albashinsa da shekarun da suka rage, ba tare da an sauya komai ba. Abin da ƙungiyoyi biyu suke aunawa shi ne gwanintar mutum, da nauyin albashinsa, da tsawon lokacin da ya rage a hannu. Shi ya sa za ka ga matashi mai ƙaramin albashi ya fi tsohon gwani mai babban albashi daraja a kasuwa, har wani lokaci ƙungiya takan haɗa da kuɗi domin wata ta yarda ta karɓi tsohon.

A da ana sayar da 'yan wasa da tsabar kuɗi. Mafi shahara shi ne cinikin Disambar 1919, lokacin da Boston Red Sox ta sayar wa New York Yankees da Babe Ruth a kan dala 100,000. Boston da ta ci kofi a 1918 ba ta sake ɗaga shi ba sai 2004, bayan shekara 86. A 1976 mai ƙungiyar Oakland, Charlie Finley, ya yi yunƙurin sayar da gwanayensa uku a kan dala miliyan uku da rabi, sai shugaban gasar na lokacin, Bowie Kuhn, ya soke cinikin bisa dalilin cewa zai cutar da wasan. Tun daga nan sayar da manyan gwanaye da kuɗi zalla ya zama abin da ba a yi.

Kasuwar tana da ranar rufewa, wadda take faɗowa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin da aka buga kusan kashi biyu cikin uku na kakar. A makonnin da ke gabanta ƙungiyoyi sukan rabu gida biyu. Masu ganin suna da damar kofi sukan ba da matasansu su karɓi gwanaye, ko da na wata biyu ne, waɗanda suka fid da rai kuwa sukan yi akasin haka. Kowace ƙungiya tana da manyan 'yan wasa 26 da ke buga mata, a cikin wani jeri mai faɗi na mutum 40, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙananan ƙungiyoyi hawa-hawa inda ake rainon matasa, kuma daga waɗannan ne ake ɗiban abin musaya. Galibin gurabun zaɓen matasa ba a yarda a yi cinikinsu ba. Akwai ma wata al'ada da za ta ba ka mamaki, inda ake ƙulla ciniki a ce ɗaya daga cikin 'yan wasan za a faɗi sunansa daga baya, matuƙar ba a wuce wata shida ba.

Haɗarin wannan kasuwa shi ne babu wanda ya san abin da yaro zai zama. A 1987 Detroit ta karɓi tsohon mai jifa Doyle Alexander daga Atlanta, ya ci mata wasanni tara ba tare da an ci shi ko ɗaya ba, ta kuma zo ta ɗaya a rukuninta. Amma yaron da ta bayar, John Smoltz, ya yi wa Atlanta aiki kusan shekara ashirin, har aka saka shi cikin zauren girmama gwanayen wasan a 2015. A 1990 Boston ta ba Houston wani matashi mai suna Jeff Bagwell domin ta samu mai jifa Larry Andersen na wata guda, shi ma Bagwell ya ƙare a wannan zauren.

TAMBAYA: Malam, ina bin sakamakon wasannin nan da tsakar dare saboda bambancin lokaci. Kullum ina jin shugabannin ƙungiyoyi suna cewa magoya baya su yi haƙuri ana sake gini. Akwai waɗanda suka yi wannan ginin suka ga amfaninsa, ko kuwa magana ce kawai ta kwantar da hankali? (Daga wani ma'aikaci a Njamena)

AMSA: Ɗan'uwa, akwai waɗanda suka ga amfaninsa, kuma wanda ya fi cancantar a yi nazarinsa shi ne na Chicago Cubs. A ƙarshen 2011 aka ɗauko Theo Epstein ya jagoranci harkokin wasa na ƙungiyar, wadda rabonta da kofi tun 1908. A 2012 an ci ta sau 101. Amma ka dubi abin da ake yi a cikin waɗannan shekarun wahala. A Janairun 2012 ta ba San Diego mai jifa Andrew Cashner ta karɓi Anthony Rizzo. A Yulin wannan shekarar ta ba Texas tsohon mai jifa Ryan Dempster, ta karɓi matasa biyu, ɗayansu Kyle Hendricks. A Yulin 2013 ta ba Baltimore Scott Feldman, wanda ta ɗauka a kan kwantiragin shekara guda, ta karɓi Jake Arrieta, mai jifan da Baltimore ta gaji da jiran ya gyaru. A hannun masu horarwa na Cubs sai ya gyaru, har ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2015. A zaɓen 2013 ta ɗauki Kris Bryant a gurbi na biyu, a 2014 kuma ta ba Oakland masu jifa biyu ta karɓi Addison Russell.

Wurin da nake so ka lura da shi sosai shi ne abin da ya biyo baya, domin a nan ne ake gane mai gini na gaskiya. Da matasan suka fara nuna alama, masu ƙungiyar ba su ci gaba da matse hannu ba. A Disambar 2014 suka ɗauki Jon Lester a kan dala miliyan 155 na shekara shida. A Yulin 2016, suna kan gaba a gasa, suka juya suka zama masu saye, suka ba Yankees matashin da suka fi ji da shi, Gleyber Torres, domin su samu mai jifa Aroldis Chapman na 'yan watanni. A wannan shekarar suka doke Cleveland a wasa na bakwai na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na neman kofi, suka kawo ƙarshen jiran shekara 108.

Houston Astros ta bi hanya mai tsanani fiye da haka. An ci ta sau 106 a 2011, 107 a 2012, 111 a 2013, abin da ya ba ta gurbi na farko a zaɓen matasa shekara uku a jere. Daga cikin ukun nan mutum ɗaya ne, Carlos Correa, ya zama gwani a hannunta. Na biyun bai taɓa buga mata babbar gasa ba, na ukun kuwa ba su ma daidaita a kan kwantiragi ba, sai dai gurbin diyyar da ta samu ne ya kawo mata Alex Bregman a 2015. Ta ci kofi a 2017 bayan ta karɓo Justin Verlander daga Detroit a ƙarshen Agusta. Bai dace a ambaci wannan kofi ba tare da an faɗi tabon da ke jikinsa ba, domin binciken hukumar gasar ya tabbatar da cewa ƙungiyar ta yi amfani da kyamara wajen satar alamun abokan hamayya, kuma a Janairun 2020 aka dakatar da babban manajanta da kocinta, ƙungiyar ta kore su. Ta sake cin kofi a 2022. Baltimore ma ta sha kashi sau 115 a 2018 da 110 a 2021, sannan ta yi nasara a wasanni 101 a 2023.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. White Sox da Alhajin Garwa ya tambaya a kanta ta riga ta yi irin wannan ginin tun daga Disambar 2016. Ta ba Boston Chris Sale, ta ba Washington Adam Eaton, ta ba maƙwabciyarta Cubs José Quintana, ta karɓi matasan da masana suka yaba ƙwarai, irin su Yoán Moncada da Lucas Giolito da Eloy Jiménez da Dylan Cease. Ta zo ta ɗaya a rukuninta a 2021 da nasara 93, amma ba ta wuce zagayen farko na neman kofi ba. Rauni ya addabi wasu daga cikin matasan, wasu ba su ci gaba yadda aka zata ba, ƙananan ƙungiyoyinta kuma ba su fito da isassun waɗanda za su maye gurbi ba. A 2023 aka ci ta sau 101, a 2024 sau 121. Ma'ana magoya bayanta sun yi haƙurin shekaru, suka ɗanɗani daɗi kaɗan, aka sake neman su yi wani haƙurin. Mafi muni shi ne abin da Florida Marlins ta yi, wadda ta ci kofi a 1997, mai ita ya watsar da gwanayen nan take domin rage kashe kuɗi, aka ci ta sau 108 a 1998. Gaskiya ne cewa ta sake cin kofi a 2003, amma ni ban ɗauki wannan a matsayin hujjar da ta wanke abin da aka yi wa mutanen da suka sayi tikiti ba.

Ra'ayina shi ne musayar gwanaye ita ce ɓangare mafi sauƙi a aikin, domin kowane shugaba yana iya rusawa. Abin da ya raba Cubs da White Sox shi ne idon masu farautar matasa, da hannun masu horarwa a ƙananan ƙungiyoyi, da kuma niyyar mai ƙungiya ta kashe kuɗi idan lokaci ya yi. Idan ka ga ƙungiya ta sayar da gwanaye, albashin da take biya ya ragu matuƙa, amma ba ta ƙara ko sisi a kan masu farauta da masu horarwa da likitoci ba, kuma shekara biyar ta wuce ana maimaita kalmar haƙuri, to kana da dalilin zargi. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ma ta yi wannan ƙorafi, shi ya sa a yarjejeniyar 2022 aka sauya tsari, gurabu shida na farko a zaɓen matasa suka koma na ƙuri'a, aka kuma taƙaita yawan shekarun da ƙungiya za ta iya cin moriyar ƙuri'ar a jere. An kuma faɗaɗa zagayen neman kofi zuwa ƙungiyoyi 12, domin mafi yawa su ga suna da abin fafatawa. Akwai kuma hanyar Tampa Bay Rays, wadda ba ta da kuɗi da yawa amma ba ta jiran ta durƙushe. Takan musanya gwani tun yana kan ganiyarsa, kamar yadda ta yi da Chris Archer a 2018 da Blake Snell a 2020, ta ci gaba da fafatawa kusan kowace shekara, ko da yake magoya bayanta ba sa samun sabawa da kowa na dogon lokaci.

TAMBAYA: Malam, abin da ya dame ni a wannan harka shi ne mutuncin ɗan Adam. Mutum yana da iyali, 'ya'yansa suna makaranta, sai a wayi gari a ce an ba da shi ga wani gari mai nisa. Ba shi da ikon cewa a'a? (Daga wata malamar makaranta a Ngaundere)

AMSA: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma wani ɗan wasa ya riga mu yin ta, ya kuma biya ta da aikinsa. A Oktoban 1969 St. Louis Cardinals ta musanya Curt Flood, baƙar fata da ya yi mata shekara goma sha biyu, zuwa Philadelphia. A lokacin akwai wani sharaɗi a kowane kwantiragi da ya ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har abada, sai dai ita ta sake shi ko ta ba da shi. Flood ya ƙi tafiya, ya rubuta wa shugaban gasar cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar ba tare da la'akari da son ransa ba, ya kuma kai ƙara. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba, kuma ban da 'yan wasanni kaɗan a 1971 bai sake buga wasa ba. Amma ƙofar da ya ƙwanƙwasa ta buɗe a 1975, lokacin da mai shiga tsakani Peter Seitz ya yanke cewa masu jifa Andy Messersmith da Dave McNally sun zama masu 'yancin kansu. Daga nan aka samo tsarin shekara shida da na bayyana a sama.

A yau ɗan wasan da ya yi shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, yana da ikon ƙin musaya. Manyan gwanaye kuma sukan sa a rubuta musu wannan iko a kwantiragi. Sauran ba su da shi, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne matasan ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda da yawansu 'yan Jamhuriyar Dominika ne da Benezuwela da aka ɗauka tun suna shekara 16, suna rayuwa a ƙasar da ba su iya harshenta ba. Su ne ake ambata a ƙarshen labarin ciniki, kuma mafi yawansu ba sa taɓa kaiwa babbar gasa. Sai a 2022 suka samu shiga ƙungiyar ƙwadago, aka ƙulla musu yarjejeniya ta farko a 2023 wadda ta ɗaga albashinsu. Ɗan Afirka ma ya ɗanɗana wannan rayuwa. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shafe shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Pittsburgh kafin ya hau babbar gasa a Afrilun 2017, kuma kafin shekarar ta ƙare an miƙa shi ga Toronto.

TAMBAYA: Malam, ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa, kuma shekara biyu ke nan muna ƙasan teburi. Za mu iya ɗaukar wannan dabara mu sallami manyan 'yan wasanmu mu fara da yara? (Daga wani mai karatu a Kusuri)

AMSA: Malam Sakatare, kada ku ɗauke ta yadda take. Ƙungiyar besbol tana iya shan kashi shekara uku saboda babu inda za ta gangara, kuɗin talabijin da gasar ke rabawa yana ci gaba da shigo mata, ana kuma ba ta gaba wajen zaɓen matasa. Ku ba ku da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Idan kuka zo ƙarshe za ku faɗa ƙaramin rukuni, masu tallafa muku su janye, yaran da kuke taƙama da su kuma su bi wanda ya kira su. Ku riƙe manya uku ko huɗu masu tarbiyya a tsakiyar fili da baya, domin yara ba sa koyon wasa idan kowane mako ana lallasa su, ku kuma riƙa shigar da matasa biyu ko uku a kowace kaka.

Abin da ya dace ku koya daga besbol shi ne lissafin lokacin kwantiragi. Ku san ranar da kwantiragin kowane ɗan wasa zai ƙare, kuma idan akwai wanda kuka tabbatar ba zai sabunta ba, ku nemi masa mai saye tun saura shekara guda, kada ya tafi a banza. Misali na kusa yana Garwa, inda Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka a 2008, ta kuma raini Aboubakar har ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, ba tare da ta daina fafatawa a gida ba. Ku yi wa kowane yaro rajista da hukumar ƙwallon ƙafa tun ranar da ya shigo hannunku, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma ƙungiyar da sunanta bai bayyana a tarihin rajistarsa ba ba ta samun komai. Idan za ku sayar, ku sa a rubuta cewa kuna da kaso a cinikinsa na gaba. Duk wanda ya zo da alƙawarin kai muku yaron da bai cika shekara 18 ba ƙasar waje, ku nemi ganin lasisinsa, ku kuma kai maganar ga hukuma kafin iyayen yaron su sa hannu a kan kowace takarda.